Ranar da Lakar Alƙalawa Ta Riƙe Mai Kallon Tsuntsaye

Har yanzu akwai sauran laka a kunnen hagu na gogan naku, wato mai wannan shafi, saboda haka in labarin ya fito a gurguje a yi masa uzuri. Ya so ya bari sai zuciyarsa ta huce. Sai ya ji an ce zancen ya riga ya isa kasuwar Shinkafi, kuma kafin ya isa an ƙara masa kada da raƙumi. Gara a ji daga bakin mai shi.

Tsuntsaye ne suka kai shi ƙasar Gobir. Duk shekara in damina ta ɗauke ƙafa, akan yi canjin baƙi a samaniyar ƙasar Hausa ba tare da yawancinmu mun ɗaga kai ba. Shamuwa, wadda ta zo da ruwan farko ta yi sheƙa a bishiyoyin tsakiyar gari, takan tattara 'ya'yanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Tana fita wasu na shigowa: agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka yi ƙwai a Turai da Rasha, suka gudo wa sanyi, suka ƙetare Bahar Rum da Sahara. Ruwan da suke fara tararwa bayan hamada namu ne: bakin Kogin Sanagal, fadamar Masina a Mali, Tafkin Cadi, dausayin Haɗeja da Nguru, da fadamun Gulbin Rima. Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa ba. Manyan masanansu sun rubuta cewa tsattsewa cikin lakar tafki take shiga ta yi barci har sanyi ya wuce. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta, aka fara gane inda ta yi hunturu. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostok. Game da barci a cikin laka kuwa, gogan naku yanzu yana iya ba da shaida a gaban kowane alƙali cewa ba ya yiwuwa.

A Najeriya an ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 900. Tun 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take jagorantar aikin zana taswirar inda kowane nau'i yake. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sha'awa ya shiga ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta abin da ya gani ko ya ji kukansa, ya aika ta waya. Gogan ya ji wannan, ya ji kuma cewa Asabar ta biyu a watan Oktoba ranar tsuntsaye masu ƙaura ce ta duniya, sai ya ƙudurta lallai sunansa ya hau kan gida ɗaya na ƙasar Gobir.

Ya aro madubin hangen nesa wurin wani abokinsa malamin jami'a, irin mai kawo abu kusa sau takwas. Sharaɗi ɗaya mai madubin ya kafa: "Ko rijiya ka faɗa, shi ya fito a bushe." Ya sayi wando mai aljihu ko'ina a wurin 'yan gwanjo, ya ɗan yi masa yawa a ƙugu, ya ce ba komai. Ya sayi takalmin roba mai kaiwa gwiwa. Saboda tsoron matsattsaku, ya cusa ƙafafun wandon cikin takalmin, ya naɗe bakin kowanne tamau da robar tayar babur. A aljihunan ya zuba littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda duk wanda ya taɓa ɗaga shi ya san ba ƙaramin kaya ba ne, da gorar ruwa, da dabino, da makullin gida. A sama kuwa ya ƙi doguwar riga, ya sa 'yar shimi mai tsayawa a ƙugu, wai don kada ƙaya ta kama shi. Mai karatu ya riƙe waɗannan bayanai, duk za su yi aiki.

Wurin ya isa a je. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa a yankin Isa, ruwan ya zama Gulbin Rima. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya bi ta Maraɗi da Tsibiri, yakan dawo ya zuba cikinsa a wajen Sabon Birni, daga nan kuma sai madatsar Goronyo. A bakin wannan fadama Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a ƙarni na 18 bayan ya ci Zamfara. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta, nan kuma rundunar Muhammadu Bello ta shiga a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa. Yau kufai ne, da sauran tudun ganuwa da kaburbura da gonaki. Mayaƙan wancan zamani, da suka san ƙasar, sukan bari ta bushe kafin su fito da dawaki. Gogan ya karanta wannan tun yana makaranta, amma bai ga abin da ya shafe shi ba.

Ba a shiga yankin da ka. Shekarun nan Sabon Birni da Isa sun sha wuyar 'yan bindiga fiye da abin da shafin ban dariya zai iya ɗauka, kuma baƙon da ya bayyana da madubi yana hangen daji yana rubutu, sunansa infoma har sai an tabbatar ba shi ba ne. Mutanen suna da gaskiya. Mai masaukinsa ya kai shi gaban mai gari, madubin ya zaga hannu-hannu, kowa ya leƙa ya ga kunnen maƙwabcinsa, aka yi dariya, aka yi tambayoyi. Gogan bai ji haushi ba, don ya san a 2013 'yan sandan Masar sun taɓa tsare wata shamuwa bisa zargin leƙen asiri, saboda 'yar na'urar da masu bincike suka ɗaura mata a baya. In tsuntsu bai tsira ba, ina ga Bakano mai gilashi? Aka yarda masa da safiya ɗaya, a fadamar da ake hangowa daga gari, aka haɗa shi da wani yaro mai danƙo rataye a wuya.

Yaron nan ya ba shi kunya tun kafin laka ta karɓi aikin. Kafin gogan ya gama murza madubi ya daidaita, yaro ya riga ya faɗi sunan tsuntsun, da abin da yake ci, da ko namansa na da daɗi. Balbela a bayan shanu. Zalɓe tsaye ƙiƙam a bakin ruwa. Kirinjijiya sun taru suna fito. Dinya biyu can nesa. Shirwa na shawagi. Zakaran ƙeƙuwa kuwa tun daga nesa ya fara tona musu asiri da kuka, bai kuma yi shiru ba har aka tashi. Gogan yana rubutawa, yana gyaɗa kai irin na wanda da ma ya sani.

Can tsakiyar ruwa, bayan bado, sai ga wasu ƙananan agwagi masu launin ƙasa sun yi dandazo. Gaban gogan ya faɗi. Akwai wata 'yar agwagwar Turai da ba ta kai rabin kilo ba, wadda duk zuriyarta kan bar Turai da kaka, da yawansu su yi hunturu a bakin hamadarmu. A littafi namijin yana da farin zane da ya taso daga saman ido ya sauka wuya, ko makaho ya shafa ya san shi ne. Matsalar ita ce wannan adon na neman aure ne. A watan Oktoba ya riga ya tuɓe shi, ya koma launin macen, sai can wajen Fabrairu ya sake sawa. Saboda haka ba a gane su daga nesa. Sai an matsa.

Yaro ya ce, "Malam, ba a bi nan."

Gogan ya dubi wurin. Ƙasa ce shimfiɗe, samanta ya bushe har ya tsattsage, ga sawun tsuntsaye birjik a kai. Ya yi lissafi irin na masu ilimi: abin da ya ɗauki zalɓe zai ɗauki mutum in ya taka a hankali. Bai sa nauyin zalɓe a lissafin ba, wanda bai wuce kilo biyu ba. Bai kuma sa cewa lakar fadama da kaka ɓawo ne kawai a sama, ƙarƙashinsa duk yumɓun da ambaliyar damina ta kwantar yana nan da ransa.

Takun farko lafiya. Na biyu ƙasa ta ɗan yi ajiyar zuciya. Bayan wasu 'yan taku ƙafar dama ta tafi har gwiwa. Ya dogara da ta hagu don ya ciro ta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ya yunƙura, ya kai cinya. Ya sake yunƙurawa, littafin Borrow da Demey ya shige. Daga nan ya ɗaga madubin sama da hannun dama, ya riƙe ƙugun wando da na hagu, don ya ji wani abu na jan wandon ƙasa a hankali, ya tsaya cak. Yaro ya dube shi, ya dubi gari, ya zuba da gudu.

A nan ne Allah ya kawo Baba.

Tsoho ne bisa jaki, da tsagar Gobirawa a kumatu da malafa a ka. Ya sauka ba gaggawa, ya ɗaure jakin, ya zaɓi wuri mai inuwa a bakin gaɓa, ya tsuguna, ya ɓare goro. Sai da ya tauna sosai sannan ya yi sallama.

"Sannu ɗana. Mi kaka yi nan ciki?"

"Baba, laka ce ta riƙe ni."

"Awo. Takan riƙe."

Ya nuna wata 'yar hanya can gefe da haɓarsa, busasshiya, wadda ta zagaya har kusa da agwagin. "Da ta can ka bi." Gogan ya yi godiya. Baba ya ce ba komai, ai taimakon baƙo wajibi ne.

"Bara ma jakin wani ya nutse daidai inda kake."

"An fitar da shi, Baba?"

"An hidda mangala."

Gogan ya ƙara riƙe wando. Baba ya ga alamar damuwa a fuskarsa, sai ya shiga ba shi haƙuri. Ya ce gaiwa takan yi rani guda cur cikin laka, ba ta taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Wannan gaskiya ne, gaiwa takan haƙa rami ta lulluɓe kanta da majina ta jira ruwa wata da watanni, tana shaƙar iska da huhu. Gogan ya so ya ce ita gaiwa ba ta da aikin ofis ran Litinin, amma ya ga ba a jayayya da mutumin da ke kan busasshiyar ƙasa.

"Kak ka motsa," in ji Baba. Ya ɗan yi tunani. "Amma kak ka tsaya wuri guda."

"Baba, yaya ke nan?"

"Kai ka yi boko. Wace ƙahwa ka hwara sawa?"

"Dama."

Baba ya girgiza kai da takaici. "Wurin ƙazanta da hauni aka shiga." Ya tambayi garinsu, aka ce Kano. Ya ce shi ya sa. Bai yi ƙarin bayani ba, kuma babu wanda ya nema.

Abin da ya fi ɗaure wa tsohon kai shi ne dalilin zuwan. Nawa gwamnati ke biya a kan kowane tsuntsu? Ba a biya. To ci za a yi? A'a, kallo ne kawai, sai a rubuta. In an rubuta su, za su daina cin geronsa? Nan gogan ya rasa ta cewa, don tambayar ba ta banza ba ce. Tsuntsun da manomin Rima ya fi sani shi ne jan baki, wanda ke zuwa miliyan-miliyan daidai lokacin da hatsi ya nuna. Ɗaya wajen giram 10 kawai yake ci a rana, amma garken miliyan biyu zai iya share tan 20 kafin faɗuwar rana. Shi ya sa yara ke wuni a gona suna kaɗa gwangwani, gwamnatoci kuma kan yi hayar jirgin feshi. Ga mutumin da ke wannan fama, wanda ya biya kuɗin mota daga Kano don ya kalli tsuntsu ya koma, sai addu'a. Gogan ya yi ƙoƙarin kare sana'arsa daga inda yake. Ya ce tsuntsayen nan ma'auni ne na lafiyar fadama. Ya ce a 1969 mutanen Ingila sun wayi gari wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi, da aka bi sawu sai aka tarar farin da aka yi a nan bakin hamada ne ya kashe su, wato tsuntsu ya kai musu labarin yunwarmu kafin rediyo. Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi farin nan ba tsuntsu ne ya gaya masa ba. Sannan ya ƙara da cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya miƙo goro daga nisan da ya san hannu ba zai kai ba.

Kafin nan gaɓa ta cika. Masunta sun ajiye koma. Masu yankan shinkafa sun zo da laujensu. Yaran da ke korar jan baki sun bar gonaki, abin da ya sa tsuntsayen suka ci rabonsu a ranar albarkacin gogan naku. A ƙarshe ga ayarin mata da ƙoren fura a ka za su kai gona, suka ja suka tsaya. Kowa da shawararsa. Wani ya ce a zuba toka. Wani ya ce a bari rana ta yi zafi lakar ta bushe, a sare shi da gatari a fito da shi da ita. Wata 'yar yarinya ta ce ya kwanta da baya ya baje hannuwa, ya riƙa zaro ƙafa ɗaya-ɗaya a hankali. Ita kaɗai ce ta faɗi daidai a duk taron, don laka tsotsa take yi, fizga na ƙara mata ƙarfi, baje nauyi kuma shi ke sa ta saki. Baba ya daka mata tsawa, ya ce manya na magana. Gogan ma, a gaskiya, bai ga yadda zai kwanta a laka gaban mata da madubin aro a hannu ba.

Aka tsaya a kan igiya da sa. Wani ya kawo bijimin huɗa, aka ɗaura masa igiya, aka yi zarge a ɗaya bakin aka jefa wa gogan. Da ƙyar da dabara ya zura ta ƙarƙashin hammata ba tare da ya saki ko ɗaya daga amanarsa biyu ba. Yanzu ga yadda al'amari yake, mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Hannun dama na sama da madubi. Hannun hagu na ƙasa da wando. Wandon na ɗaure cikin takalmi da robar taya. Takalmin na hannun laka. Mai sa ya ɗaga tsumagiya yana jiran Baba, wanda ba wanda ya naɗa shi amma ya zama shugaban aiki.

Sai zakaran ƙeƙuwa ya ƙwala kuka. Agwagin nan da ke bayan bado suka tashi gaba ɗaya, suka yi kwana, suka nufo daidai kan taron, ƙasa-ƙasa, har ana jin fukafukansu. Yaro mai danƙo ya yi ihu: "Malam, ga su! Ga su bisa kanka!"

Duk wanda ya taɓa riƙe madubin hangen nesa ya san da hannu biyu ake riƙe shi. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke tafiya da kansa. Hannun hagu ya tafi.

Baba ya ce, "Bismillah."

Gogan ya sha juya wannan daƙiƙa a ransa, ta gaba da ta baya. Abin da ya fara ji shi ne igiya ta shaƙe ƙirjinsa. Sai wata ƙara daga ƙasa, doguwa, marar mutunci, wadda ya so a ce kowa ya gane lakar ce ta yi ta. Sai sanyi. Wani irin sanyin iskar kaka a wuraren da iska ba ta saba zuwa ba. Ya fito kamar yadda ake tuge rogo, sumul, ya bar takalmi da wando da Borrow da Demey da makulli a inda suke. Bijimin kuwa ba a gaya masa inda zai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya, gogan na biye a kan cikinsa, gwiwar hannu a sama, madubi manne a ido, don ko a wannan hali bai manta da sharaɗin mai shi ba.

Za a tambaya, to ya ga agwagin? Lokacin da madubin ya isa idonsa, fuskarsa ta riga ta bar sama ta koma gaba. Abin da ya gani, an kawo masa shi kusa sau takwas, tar, ba ko hazo, shi ne bindin sa da abin da ke maƙwabtaka da shi. Madubin mai kyau ne ƙwarai. Har ƙudan da ke wurin ya ƙirga.

Yaron ya ba da nasa bayanin daga baya. Ya ce shi bai ga fitowar ba, don yana kallon agwagi, sai dai ya ji taron ya yi tsit, irin tsit ɗin da ba a yi ko a gaban mai gari, sannan wata mata ta ce "Inna lillahi," ƙoren fura guda ya faɗi. Mai sa ya ce shi ya ga komai, kuma abin da ya ba shi mamaki shi ne Malam bai yi ihu ba, sai faɗi yake "madubi, madubi." Masunta sun rabu biyu: wasu sun ce wandon ya tsaya a tsaye shi kaɗai na ɗan lokaci kafin ya rusuna, wasu sun ce nan take ya nutse. Gogan ba shi da ra'ayi a kan wannan, yana fuskantar wani wajen.

Saura maganar abin da ya rage a jikinsa. Akwai wani gajeren wando da uwargida ta daɗe tana roƙo a ba ta ta mai da shi tsumman goge-goge, shi kuma yana cewa ai ba mai ganinsa. Da safen nan ya ɗauko shi da hujjar cewa daji za shi. Ba za a yi bayanin inda ya huje ba. Ya isa a ce 'yar shimi ba ta taimaka ba, kuma laka, wadda ta rufe masa kunne da hanci da gira, nan kaɗai ta ga dama ta bari fes.

Aka tsai da sa. Gogan ya kwanta rub da ciki yana nazarin zaɓin da ke gabansa. In ya tashi, matsala. In ya juya, matsala. In ya ci gaba da kwanciya, matsalar tana sama tana kallon jama'a. Matan sun juya baya, amma kafaɗunsu na rawa. Yara kuwa ba su ga dalilin juyawa ba. Wata tsohuwa ce ta cece shi. Ta warware zanen da ta yi gammo da shi, ta matso da baya-baya ta jefa masa, tana cewa, "Rufe, ɗan nan, rufe. Mu mun haifi irinku." Zanen atamfa ne mai manyan furanni. Ya ɗaura, kuma da yake bai taɓa ɗaura zane ba, sai da ta koya masa daga nesa.

Baba ya taso ya zagaya shi sau ɗaya yana dubawa. Ya ce da ya sa riga irin ta mutane da ba a ga komai ba. Ya ce da ya saki madubin ya riƙe wando. Da aka gaya masa kuɗin madubin, ya yi shiru, ya ce to da ya saki wandon tun farko ba sai an wahalar da sa ba. Sannan ya karɓi madubin ya leƙa ta baya, ya ga gogan ya koma can nesa ɗan mitsitsi, ya ce yanzu ya gane amfanin abin.

"Baba, agwagin nan fa? Sun tafi ke nan?"

"Su? Kullum nan suka kwana. In sanyi ya shiga har bayan gidana suka zakkuwa. Da ka tambaya."

Haka aka rako shi gari, ba takalmi, da zane mai furanni, madubi rataye a wuya ko ɗigon laka babu, yara na biye. Mai gari da ya gan shi bai ce komai ba, sai dai ya tabbatar wa jama'a cewa wannan ba infoman kowa ba ne. Mai masauki ya ba shi aron wando. Jerin tsuntsayen ya tsira, don yana cikin waya a aljihun shimi: balbela, zalɓe, kirinjijiya, dinya, shirwa, zakaran ƙeƙuwa, jan baki. Agwagin Turai ba su shiga ba, saboda ƙa'idar aikin ita ce ba a rubuta abin da ba a tabbatar ba, abin da ya tabbatar kuma ba tsuntsu ba ne. Mai madubi ya karɓi kayansa ya duba gaba da baya, ya ce ashe tafiyar ba ta yi wuya ba.

Roƙo ga manoman fadamar Alƙalawa: nan da 'yan watanni ruwa zai janye, za a shiga haƙa don dashen albasa. Duk wanda fartanyarsa ta ci karo da takalmin roba guda biyu a tsaye da wando a ciki, ya riƙe takalmin halal, ya ba yaro mai danƙo littafin in ya karantu. Makullin kawai ake nema, a ba direban motar Kano.